Ragon Maƙwabci

Sai da ƙafar ragon ta ce ƙas a ƙarƙashin tayar motarsa a ƙofar gidansa, sannan bayanin mai inshora na Bagudo ya dawo masa: akwai babbar inshora, wadda ke gyara har motarka; akwai ƙarama, wadda ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai take biya. Shi kuwa gogan ƙaramar ya zaɓa, yana yaba wa kansa wayo.

Ga shi ragon nasa ne. Da safen nan ya sayo shi daga tsallaken iyaka, bayan Illo.

Mutane suka taru. Yana hango maƙwabcinsa, dabara ta faɗo masa.

"Jama'a, ku shaida! Ragon ga na maƙwabcina ne!"

Liman, da ke cikin taron, ya gyaɗa kai. Maƙwabci ya rafka tagumi, har da share hawaye.

Bayan sati uku inshora ta biya maƙwabci. Gogan ya tafi karɓo ragonsa da kuɗinsa, ya tarar rago na cin dusa, an ɗaure masa karaya.

Maƙwabci ya washe baki.

"Dubiya ka zo? Allah shi saka. Amma tsaya daga nan, ragona har yanzu tsoronka yake ji."