Manomin da Ya Kori Taki daga Gonarsa

Kai da aka yi wa alheri jiya, yau ka zo kana tambayata ko da wata manufa a ƙasa, gyara zama ka ji na wani manomi. Gonarsa ta gaji tiɓis, an yi shekaru ana cin ta ba a mayar mata da komai, har ciyawar wuta-wuta ta fi dawar yawa, ga iyali cike da gida. To, ka san al'ada: in an kawar da amfanin gona, mai hali yakan roƙi makiyayi ya sauke masa shanu su yi rani suna zuba taki, shi kuma ya biya da dammunan dawa. Manomin namu ba shi da abin biya, don haka ko tayi bai yi wa kowa ba. Rannan kwatsam sai ga wani dattijon makiyayi ya yi sallama, ya ce zai kafa turakunsa a gonar, kuma ko zangarniya ɗaya ba ya so. Maimakon bawan Allahn nan ya ce madalla, sai ya fara zargi. Ya ce a ransa, ruwa ba ya tsami banza, wa ke ba da taki kyauta a zamanin nan? Ya dai amsa da "to" a daƙile, ya wuce.

Tun daga ranar sukuni ya ƙare masa. In dattijon ya gaishe shi da fara'a, sai ya ce fara'ar ta yi yawa. In ya aiko da ƙwaryar nono, sai ya hana yara sha, wai ba a san abin da aka barbaɗa ba. In ya hango shi yana bin ɗan maraƙi ta bakin iyaka, a'a, auna gonar yake yi don ya ƙwace. Kai, har saƙar zanar da yake samun na cefane da ita ya ajiye, ya koma gindin gawo yana gadin mutumin da ke yi masa aiki! Ya rame, ya yi wuri-wuri. Da abin ya ci shi ya cinye, sai ya tare dattijon ya ce, "Malam, fito fili, me kake nema a wurina?" Tsohon ya ce, "Na ga ƙasar ta gaji ne, shanuna kuwa duk inda suka kwana sai sun yi kashi." Kafin la'asar ya tumɓuke turakunsa ya tsallaka gonar maƙwabci, wani talaka irinsa. Shi wannan da gudu ya taryo shi, yana ta Allah ya saka da alheri, matarsa ta damo kunu. Iyakar abin da ya biya ke nan har shanun suka tashi.

Da damina ta kankama, dawar maƙwabci ta yi baƙi ƙirin don kyau. A gonar manomin namu kuwa, ɗan gurbin da shanun suka kwana ne kawai ya tashi har ya wuce kan mutum, saura duk ta tsaya iya gwiwa, jawur. Kullum sai ya tsaya a gurbin nan ya dubi sauran gonar, baƙin ciki kamar ya kashe shi, don ya ga abin da ya kora da bakinsa. Wallahi kafin wata shuka rumbunsa ya zama kango, sai da ƙodago a gonar maƙwabcin nan ya ciyar da 'ya'yansa.

To ka ji. Tashi ka je ka yi wa mutumin godiya. Hausawa suka ce, yaba kyauta tukuici.