Gurbin Murya ta Huɗu

Shekarar da gero ya bushe a tsaye, makaɗan jitar Gatawa suka koma su uku. Na huɗunsu mijina ne. Tun da muka binne shi ɗiyarmu ta daina magana, ta daina ci.

A tashar Isa, ina goye da ita, muka iske su suna waƙa, muryoyinsu a saƙe. Ba su ɗauki kowa a madadinsa ba. In baitinsa ya zo sai su yi shiru, jita kaɗai ke tafiya.

Na kai hannu in toshe mata kunne. Sai siririyar murya ta taso daga bayana, ta cike gurbin daidai. Mazan suka bi ta a hankali.

Da aka ƙare, ɗiyata ta taɓa kafaɗata.

"Inna, da sauran kunun nan?"