Yatsa Mai Lalle a Hoton Zanzibar

Aron gishiri ne ya kai ni flat ɗin Raki, maƙwabciyata a unguwar Hulme, sai na tarar da saurayinta Dokta Sanda. Shekara uku tana jira ya turo magabatansa. Tun da aka rufe laburaren da take aiki, ba abin da ya rage mata a Manchester sai shi.

Ya dawo daga hutu a Zanzibar, yana nuna mata hotuna a waya: tsofaffin ƙofofi masu ƙusoshin tagulla, da gine-ginen Turawan mulki.

"Nan ka ce za ka kai ni bayan biki," in ji Raki tana murmushi.

"Hanya na je dubo mana," ya ce, idonsa a ƙasa.

Ni kuwa uwar tsokana, na leƙa. "Dokta, ka ce kai kaɗai ka je, to aljani ke ɗaukarka hoton? Kai, aljanin har da lalle!"

Wallahi wasa nake. Amma a gefen hoton ga yatsa ya ɗan tare kyamara, ya sha lallen amare.

Raki ta daɗe tana kallo.

"Yaushe aka ɗaura?"

"Raki, please, Hajiya ce ta..."

"Yaushe?"

"Watan jiya."

Ta miƙa masa wayar da hannu biyu, kamar baƙo. "Garin yana da kyau. Allah ya ba da zaman lafiya."

Ta juyo gare ni, idonta a bushe. "Maman Jumare, me kika zo karɓa?"

Duk surutun nan nawa, na kasa cewa gishiri.