Haƙurin da majalisa ta ba Malam Nyirongo

Tun ranar da Malam Nyirongo ya zurma cikin buɗaɗɗiyar kwatar ƙofar gidansa, a gaban mutanen da shi ya koya wa ƙidaya, ya rantse sai majalisar gari ta ba shi haƙuri. Tsohon hedimasta ba ya faɗuwa a banza.

Ya sa 'yarsa Tadala ta buɗe masa shafin ƙorafi a tsohuwar kwamfutar falo, mai adireshi nyirongo.local.

"Baba, adireshin da ya ƙare da haka fa..."

"Ya isa. Ni na koyar da ke."

Kullum ya karya kumallo sai ya zauna ya ragargaji majalisa. Abinci ya huce, maganin hawan jini ya bi ruwa. Matarsa Nachisale ta yi magana har ta gaji, ta koma kicin da wayarta.

Ana nan sai ga amsa a ƙasan shafin: "Majalisa ta ji, tana mai ba da haƙuri." Ya yi tsaki, ya nemi a ƙara bayani. Aka ƙara. Har wani saƙo ya roƙe shi ya kula da lafiyarsa, don gari na bukatarsa.

Ya nufi gindin bishiyar da tsofaffi ke dara, ya karɓi wayar abokinsa Mbewe ya rubuta adireshin don ya nuna musu haƙurin majalisa. Shafi ya ƙi buɗuwa. Aka gwada wata wayar, shiru.

"Malam, ko a mafarki suka ba ka haƙurin?" in ji Mbewe. Tsofaffi suka kwashe da dariya.

Toshe shi suka yi! Gwamnati ta tsorata! Ya koma gida yana huci, ya rubuta cewa ba zai ƙara sa komai a baki ba sai an buɗe wa duniya shafinsa. Sannan ya kira Tadala a waya.

"Ba wanda ya toshe ka, Baba. Adireshin na cikin gida ne, ba ya tsallake katanga. Sai wanda ke kan wayifai ɗinmu ke iya buɗe shi."

"Shirme! To wa ke amsa mini?"

Bai ajiye waya ba sabon saƙo ya faɗo: "Majalisa ta hana yajin cin abinci. Tuwonka na kan tebur, maganinka na gefen kofi."