Wa Ya Wanke Safar Lorne?

"Marlene! Wa ya wanke min safa?"

Lorne Petryk ya tsaya a ƙofar kicin, riƙe da safar a hannu. Safar sai ƙamshin sabulu take yi.

Shekara goma sha shida yana tsaron gida a wasan hoki na kan ƙanƙara, tun daga ƙananan ƙungiyoyin lardin Manitoba na Kanada har babbar gasa, bai taɓa yarda safar nan ta ga ruwa ba. Kafin kowane wasa sai ya shinshina ta, ya sumbace ta, sannan ya saka. Ga shi yau ne wasan ƙarshe na cin kofi, daga shi kuma sai ritaya.

"Kin kashe ni! Duk sa'ata a cikin warin nan take!"

Matarsa ko ɗagowa ba ta yi ba daga ƙwan da take soyawa.

"Dalla rufe mana baki. Duk Litinin nake wanke ta, tun satin aurenmu."

"Ƙarya kike! To warin fa?"

"A jikin kare nake goga ta in ya dawo daga cikin taɓo. Warinsa ya fi naka daɗin zama. Biskit ne kare na uku da ya yi maka aiki. Yau ne kawai na manta."

Lorne ya dubi agogo. Ya dubi Biskit, wanda ke kwance gindin tebur yana susa.

Sai ya durƙusa a hankali, ya miƙa safar da hannu biyu.

"Taso, ranka ya daɗe."