Sa Hannun Mai Unguwa

"Sai mai unguwa ya shaida nan aka haife ka," in ji akawu, ya turo wa Tanimu takardarsa.

Ma'aikatu na ta ƙaurowa Abuja daga Legas, ba kuma a ɗaukar mutum aiki sai da shaidar ɗan ƙasa. Mai unguwa kuwa kullum amsarsa "gobe". Tanimu ya tare a zaurensa. Sulhu da shi, ɗaurin aure da shi, har furfura ta fito masa.

Da tsohon ya rasu, dattawa suka ce ba wanda ya san zauren kamar Tanimu. Aka naɗa shi.

Washegari ya sa wa kansa hannu a takardar, ya kai wa akawu.

Akawu ya rusuna. "Ranka ya daɗe, ai mutum ba ya shaidar kansa. Sai dai a jira magajinka."