Kilomitocin Direba

Shigar kayan hawan keke kaɗai tana cin wa Direba minti ashirin. Matarsa ce ke tsaye a kansa kamar mai duba-gari: siririyar riga mai manne wa jiki a ciki, mai kauri a kanta, sannan jarida ninki biyu a ƙirji don tare iska, rigar ruwa a sama. Safa, leda a kan safa, takalmi. Safar hannu, ƙyallen rufe baki da hanci, tabarau, hular kwano. In an gama, ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba.

"Ban da singiletin auduga," in ji ta kullum. "Ta sha zufa, ita za ta kashe ka da sanyi."

Ta san abin da take faɗa. A shagon gyaran kekuna na mahaifinta ta girma, kuma ƙaninta ne ke riƙe da shagon yanzu, a bayan layinsu.

Direba kuwa shekara talatin ya yi a zaune yana tuƙa bas, har tumbi ya fara taɓa sitiyari. Da ya yi ritaya ciwon suga ya yi masa sallama. Likita ya ba shi mako shida: ko ya hau keke kowace safiya, ko a fara yi masa allura. Mutumin da bai taɓa tsoron tirela ba, in ya ga allura sai ya nemi ƙofa. Aka ɗaura ɗan agogo mai ƙirga tafiya a hannun keke, don likita ya gani da idonsa.

Sai dai wa'adin ya faɗo tsakiyar sanyi da ruwa, kuma Direba ya tsani biyun.

Ranar farko ya sha kwana, ya fake a wata rumfa na awa guda, yana juya tayar gaba da hannu don agogon ya motsa. Da zai koma ya tsaya ƙarƙashin indararo har ya jiƙe sharkaf. Ya shiga gida yana haki na ƙarya. Ta zagaya shi sau ɗaya.

"Ikon Allah. Wanda ya yi tafiya a ruwa tayar baya kan zana masa layin taɓo a gadon baya. Rigar ciki ma zufa take sha. Taka a bushe take, Baban yara."

Ya ce iska ce ta busar. Ta yi masa wani kallo da ya fi faɗa ba shi tsoro.

Washegari ya kai kukansa wurin ƙanin nata, wanda dama abokin wasansa ne. Ƙanin ya saurara yana goge hannu da tsumma, ya ce a ba shi kwana ɗaya. Da Direba ya koma, ya tarye shi da albishir.

"Yaya, na samo maka mai hawa. Ba a neman komai wurinka, son keke ne kawai. Sharaɗi ɗaya, ba za ku ga juna ba."

Haka aka tsara. Direba zai shige ɗakin ajiya na shagon, ya tuɓe kayan ya miƙo ta ƙofa, ya lulluɓa da bargo kusa da hita mai ɗumama ɗaki. Shayi kullum ba suga, wai ya ƙare, amma mai ɓuya ba ya zaɓe. Bayan awa ɗaya da rabi a miƙo masa kayan a jiƙe ciki da waje, da layin taɓo tun daga ƙugu har wuya. Mayar da su jiki azaba ce, yana yi yana tsaki. Hannun rigar ruwan a naɗe yake samunsa, sirdin kuma an sauke shi ƙasa. Ya yanke cewa mai hawan gajere ne, ya ma ji tausayinsa.

Sai ya ƙara kofi ɗaya, ya tura keken zuwa gida. Yakan tarar ta fito daga wanka, fuska na sheƙi, tana cin abinci kamar wadda ta yi noma. Ta leƙa agogon.

"Ashirin da biyu. Kai ka yi duk wannan?"

"Wa zai yi min?"

Kullum sai ta tambaya, kullum amsar ɗaya. Har ya fara ƙawata labarin: hawan da ke bayan gada, karen da ya bi shi, yatsun da suka ƙage.

"Bayan gada ai gangara ce," ta ce wata rana, tana hawa bene da kwandon wanki ba ko nishi.

"Daga wancan ɓangaren nake nufi."

Ranar komawa asibiti ya kwance agogon ya sa a aljihu, ita ma ta ce za ta raka shi. Likita ya duba lambar, ya duba takardar gwajin jini, ya duba tumbin, ya sake duba lambar.

"Kilomita ɗari tara, amma suga ya hau, nauyi ya ƙaru. Ban taɓa ganin irin wannan ba."

"Jikin wani sai a hankali yake nunawa, likita."

Likita ya ajiye takardar. Ya jawo aljihun tebur, ya yage ledar allura, ya ce a ɗaga riga. Direba ya riƙe bakin rigarsa gam. Ya waiwaya wurin matarsa da idanun neman ceto, ita da ta ga taɓon da idonta kowace safiya.

"Faɗa masa mana. Faɗa masa an yi tafiyar nan."

"An yi ta, likita, ba ƙarya a agogon," ta ce. Ta kama gefen rigar mijinta ta ɗaga masa da kanta, a hankali, tana murmushi. "Kilomita ɗari tara na tuƙa maka cikin ruwa, Baban yara. Allurar kam kai za ka karɓa da kanka."